Ido da Cututtukan Gado Masu Sassauta Gaɓoɓi: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda gaɓoɓinsa ke lanƙwashewa fiye da kima yakan shagala da ciwon baya, targaɗe da gocewar ƙashi, har ya manta da ido sai ranar da gani ya fara canzawa. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi masu cutar Marfan, rukunin cututtukan Ehlers-Danlos, cutar Stickler da makamantansu, da iyayen yaran da ake zargin suna da ɗaya daga ciki.

Me ya haɗa laushin gaɓoɓi da ido?

Kayan gininsu ɗaya ne. Jiki yana da zaruruwa masu ɗaure sassansa, kuma mafi yawa a cikinsu shi ne wani furotin da ake kira kolajin. Shi ke cikin jijiyoyin da suka riƙe gaɓa, shi ke cikin fata da bangon jijiyoyin jini. Ido ma da shi aka gina shi. Farin ido kolajin ne. Koniya, wato fatar nan mai garai-garai da ta rufe baƙin ido ta gaba, kolajin ce da aka jera da tsari har haske ke ratsa ta. Ruwa mai kauri da ya cika bayan ƙwayar ido yana da nasa irin kolajin ɗin. Madubin cikin ido kuwa, wato sashen da ke bayan baƙin ido yana tattara haske, rataye yake da wasu siraran zare da aka yi da wani furotin daban mai suna fibirilin.

Idan mutum ya gaji ƙwayar halitta mai kuskure wajen ƙera ɗaya daga cikin waɗannan, rauni zai bayyana duk inda aka yi amfani da wannan zaren. Shi ya sa kowace cuta take da sashen ido da ta fi taɓawa: Marfan ta fi kama madubi, Stickler ta fi kama bayan ido, wasu nau'o'in Ehlers-Danlos kuma koniya da farin ido.

Ina iya lanƙwasa babban yatsana har ya taɓa hannuna. Idona na cikin haɗari ke nan?

Galibi a'a. Laushin gaɓoɓi shi kaɗai ba cuta ba ne, kuma yana da yawa, musamman a yara da mata. Likitoci suna auna shi da ma'aunin Beighton mai maki 9: maki ɗaya ga kowane ƙaramin yatsa da ya lanƙwashe baya ya wuce digiri 90, ɗaya ga kowane babban yatsa da ya taɓa sangalin hannu, ɗaya ga kowace gwiwar hannu da kowace gwiwar ƙafa da ta miƙe ta zarce da fiye da digiri 10, sai ɗaya idan mutum ya sunkuya ya kafa tafukan hannunsa a ƙasa ba tare da ya karya gwiwa ba. Ana ƙirga laushin a matsayin na jiki duka idan yaron da bai balaga ba ya sami 6, baligi har zuwa shekara 50 ya sami 5, wanda ya haura 50 kuma ya sami 4.

Maki mai yawa bai faɗi komai game da ido ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: wace cuta ce ke ƙarƙashin laushin? Rabe-raben da aka yi a 2017 ya kasa Ehlers-Danlos gida 13. Wanda ya fi yawa, wato nau'in laushin gaɓoɓi, har yanzu ba shi da gwajin jini, kuma damuwarsa a ido takan tsaya ga bushewa, gajiya da rashin hangen nesa. Nau'o'in da ke barazanar makanta ba su da yawa, amma dole a tantance su. Alamomin da ke sa a zurfafa bincike sun haɗa da tsawo fiye da na dangi tare da dogayen yatsu, ƙirji mai shiga ciki ko mai turowa, karkacewar ƙashin baya tun ƙuruciya, tsagewar ganɗa tun haihuwa, raunin ji, tabarau mai kauri tun kafin shiga makaranta, da tarihin mutuwar fuju'a ko makanta a dangi.

Yaya cutar Marfan ke taɓa ido?

Antoine Marfan, likitan yara a Faransa, shi ya fara bayyana ta a 1896. Tana samun kimanin mutum 1 cikin 5,000, kuma tushenta kuskure ne a ƙwayar halitta mai suna FBN1, wadda ke ƙera fibirilin. Tunda zaren da suka rataye madubin ido da fibirilin aka yi su, sai su miƙe ko wasu su tsinke, madubin ya goce daga tsakiya. Wannan na samun kusan 6 cikin kowane 10 na masu cutar, yawanci a ido biyu, kuma madubin ya fi gocewa sama da gefen waje.

Gocewar tana da matakai. Idan kaɗan ce, mutum ba ya jin komai, sai dai lambar tabaraunsa ta riƙa sauyawa. Idan ta yi nisa har bakin madubin ya ratsa tsakiyar ƙofar haske, wani ɓangare na hasken zai bi ta madubin, wani ya wuce ta gefensa, sai mutum ya ga abu ɗaya ya zama biyu ko da ya rufe ɗaya idon. Wani lokaci akan lura baƙin idon yana ɗan kaɗawa idan an juya ido da sauri, domin madubin da ke tallafe shi ta baya ya matsa. Mafi muni shi ne madubin ya faɗo gaba ya toshe hanyar ruwan ido: ido ya yi ja, ya yi tauri, ciwo mai tsanani ya zo da tashin zuciya. Wannan na gaggawa ne a ranar.

Bayan madubi, ƙwayar idon mai Marfan takan yi tsawo. Tsawon idon baligi kusan milimita 23 zuwa 24 ne, kuma kowace milimita ɗaya da ta ƙaru tana ƙara rashin hangen nesa da dayofta (ma'aunin ƙarfin tabarau) 2.5 zuwa 3. Ido mai tsawo yana miƙar da ratina, tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido yana karɓar hoto, don haka ta fi saurin yagewa. Yanar ido da hawan jinin ido su ma sukan zo da wuri, shekaru kafin lokacin da aka saba ganinsu.

Akwai abin da ya fi ido muhimmanci a nan. Bisa ƙa'idojin Ghent da aka sabunta a 2010, gocewar madubi tare da kumburin tushen babbar jijiyar da ke fita daga zuciya sun isa a tabbatar da Marfan. Saboda haka duk wanda aka ga madubinsa ya goce ba tare da buguwa ba, a tura shi hoton zuciya. Sau da yawa likitan ido ne ke fara gano cutar da za ta iya fasa jijiya.

Yarona madubinsa ya goce. Dole ne a yi masa aiki?

Ba dole ba ne a farko. Abin da ake tsoro a yaro shi ne ragon ido. Ƙwaƙwalwa tana koyon gani ne daga haihuwa zuwa kusan shekara 7 ko 8. Idan ido yana aika mata hoto dishi-dishi a wannan tsakani, sai ta yi watsi da shi, kuma gyaran da aka yi a makare ba ya dawo da gani cikakke. Don haka matakin farko shi ne a ɗiga maganin da ke sassauta ido a auna lamba daidai, a ba da tabarau, a riƙa sake aunawa kamar kowane wata 6. Idan ido ɗaya ya fi rauni, akan rufe mai ƙarfin na wasu sa'o'i a rana don a tilasta wa ragon aiki.

Wani abin da iyaye ba su cika sani ba: idan madubin ya goce sosai, likita na iya rubuta tabarau da yaron zai riƙa gani ta gefen da babu madubi, mai ƙarfin dayofta +10 ko fiye. Tabarau ne mai kauri, amma yana iya ba da gani mai kyau ba tare da wuƙa ba.

Ana yin aiki idan tabarau ya kasa, ko madubin ya yi yana, ko yana shirin faɗawa gaba ko baya, ko ya tayar da hawan jinin ido. Akan cire madubin, sannan a maye gurbinsa da tabarau, ko gilashin mannawa a ido, ko madubin roba. A ido mai lafiya ana saka madubin roba cikin jakar tsohon madubin. A nan jakar ba ta da abin riƙewa, sai dai a sa mata zobe a ɗinke ta, ko a maƙala madubin a jikin farin ido ko baƙin ido. Kowace hanya tana da matsalarta: ɗinki na iya tsinkewa bayan shekaru, kuma haɗarin ɓallewar ratina yana nan bayan aiki. Wannan aiki ne na likitan da ya saba da irinsa.

Akwai wata cuta da ke kama da Marfan a ido?

Akwai homosistinuriya. Ita ma tana kawo tsawo, dogayen gaɓoɓi da gocewar madubi, sai dai madubin ya fi gocewa ƙasa da ɓangaren hanci. Gwajin jini ke bambance su, kuma bambancin na da nauyi: masu ita jininsu na saurin daskarewa, musamman lokacin tiyata, sannan kusan rabinsu suna samun sauƙi da bitamin B6. Yaron da madubinsa ya goce ba a kai shi ɗakin tiyata kafin a yi wannan gwajin. Cutar Loeys-Dietz kuma tana kama da Marfan a jijiyoyin jini, amma ba ta cika goce madubi ba.

Farin idona yana da shuɗi-shuɗi. Me ke kawo haka?

Farin ido ya yi siriri, sai launin duhun da ke ƙarƙashinsa ya hasko. Ana ganin haka a cutar gautsin ƙashi ta gado, da wasu nau'o'in Ehlers-Danlos. Jarirai da yawa masu lafiya suna da shi ya kuma gushe, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ma yana kawo shi. Launin ba ya cutarwa kuma babu maganin ɗigawa da ke goge shi. Amfaninsa shi ne ya sa a auna kaurin koniya.

Me ya sa ake ta maganar kaurin koniya?

Domin a nan ne haɗari mafi girma yake ɓuya ba tare da alama ba. Kaurin tsakiyar koniya mai lafiya kusan maikiron 540 ne, wato ɗan fiye da rabin milimita. A cutar gautsin koniya, wadda aka sa cikin rukunin Ehlers-Danlos kuma take fitowa daga kuskure a ƙwayar halitta ZNF469 ko PRDM5, kaurin kan gaza 400, wani lokaci ƙasa da haka sosai. Irin wannan idon yana iya fashewa da bugun da ba zai yi wa wani komai ba: gwiwar hannun ɗan'uwa a wajen wasa, ko yatsan jariri. Nau'in Ehlers-Danlos mai karkatar da ƙashin baya tun jarirantaka shi ma yana raunana farin ido har ya iya fashewa.

Koniya mai rauni tana kuma iya turowa gaba ta yi tsini, abin da ake kira keratokonus. Yakan fara a shekarun balaga. Alamarsa ita ce lambar tabarau ta riƙa sauyawa duk shekara, fitilu su riƙa yin jela da dare, kuma ko da sabon tabarau gani ba ya fita tas. Na'urar da ke zana taswirar koniya ce ke kama shi da wuri. Awon tabarau kawai ba ya isa.

Murza ido yana tsananta shi, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai wannan matsala ya daina murza ido kwata-kwata, ya daina kwanciya da ido danne da hannu ko matashi. Idan ƙaiƙayi ne ke sa shi, a magance ƙaiƙayin da maganin ɗigawa na borin jini da tsumma mai sanyi.

Idan taswira biyu da aka ɗauka a tsakanin watanni sun nuna tsinin na ƙaruwa, akwai aikin ƙarfafa koniya: a jiƙa ta da ruwan ribofilabin, wato bitamin B2, a haska mata wani irin hasken ultrabayolet, zaren kolajin su ƙara ƙulluwa da juna. Aikin yana tsayar da cutar ne, ba ya mayar da koniya yadda take. Hanyar da aka saba tana buƙatar kaurin maikiron 400 aƙalla don kada hasken ya lalata ƙwayoyin cikin koniya, shi ya sa jinkiri ke iya rufe wannan ƙofar. Don gyaran gani kuma, gilashin mannawa mai tauri ko babba mai zama a kan farin ido ya fi tabarau aiki.

Zan iya yin aikin lesa don in rabu da tabarau?

Shawararmu ita ce a ɗauka amsar a'a ce har sai an tabbatar da akasin haka. Aikin lesa da ake kira LASIK yana yanka wani ɓangare na koniya ya kuma ƙone wani don a sauya siffarta, wato yana rage mata kauri da ƙarfi har abada. Koniyar da kolajinta ke da rauni tana iya ci gaba da turowa bayan aikin, gani ya lalace fiye da da, raunin ya yi jinkirin warkewa, bushewa ta ƙaru. Ga mai keratokonus ko siririyar koniya haramun ne a likitance. Ga mai Marfan kuwa, sau da yawa matsalar daga madubin da ke motsi take, gyara koniya ba zai warware ta ba. Duk wanda ya je neman wannan aiki ya faɗi sunan cutarsa tun a zaman farko, ko ba a tambaye shi ba.

Waɗanne alamu ne ke nuna ratina na shirin ɓallewa?

Uku ne, kuma babu ciwo a cikinsu. Na farko walƙiya a gefen gani, wadda ta fi fitowa a duhu ko idan an juya ido. Na biyu baƙaƙen ɗige-ɗige ko zare-zare da suka ƙaru farat ɗaya suna yawo. Na uku inuwa da ke shigowa daga gefe, sama ko ƙasa, tana cin gani a hankali. Ɗige-ɗigen da mutum ya daɗe da su ba su sauya ba ba su ne abin tsoro ba. Sabon canji ne abin tsoro.

A ga likitan ido cikin sa'o'i 24. Idan yagewa ce kawai, ana zagaye ta da lesa ko a daskarar da gefenta cikin mintuna kaɗan. Idan ruwa ya riga ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga ratina, sai babban aiki, kuma sakamakon ya dogara da ko tsakiyar ratina, wurin karatu da gane fuska, ta ɗaga ko tana nan. Bayan aiki akan bar kumfar iskar gas a cikin ido. Muddin tana ciki, ba a hawa jirgin sama, ba a kuma ba mutum iskar sa barci ta naitiros, domin kumfar za ta kumbura ta tayar da matsin ido.

Cutar da ta fi kowace haɗari a nan ita ce Stickler, wadda Gunnar Stickler ya bayyana a 1965. Ita ce kan gaba cikin cututtukan gado masu ɓalle ratinar yara. Yaron yakan zo da rashin hangen nesa mai tsanani tun haihuwa, ƙaramar haɓa, wani lokaci tsagaggiyar ganɗa da raunin ji, kuma gaɓoɓinsa masu laushi sukan koma ciwon sanyin ƙashi da wuri. A nau'in farko, mai kuskure a COL2A1, kusan rabi ko fiye suna samun ɓallewar ratina a rayuwarsu, sau da yawa a ido biyu. Saboda haka ne likitoci da dama ke yi musu riga-kafi da daskarewa ko lesa a kewayen ratina tun kafin ta yage. Ƙaramin yaro ba zai ce yana ganin walƙiya ba, kuma idan ido ɗaya ya mutu zai ci gaba da wasa da ɗayan. Iyaye su riƙa rufe masa ido ɗaya-ɗaya lokaci-lokaci su nuna masa ƙaramin abu daga nesa. Idan ya yi fushi ko ya ture hannu duk lokacin da aka rufe wani ido takamaimai, a kai shi.

Layukan da suke miƙe sun fara yi mini lanƙwasa. Daga ina?

Daga tsakiyar ratina. Akwai cutar gado da ke sa zaren roba na jiki su tara alli su yi gautsi, ana taƙaita sunanta da PXE. Takan bar ƙananan ƙuraje masu rawaya a gefen wuya da hammata. A ido tana tsattsaga shimfiɗar da ke ƙarƙashin ratina, sabbin jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro ta tsagar su yi yoyo. Rashin hangen nesa mai tsanani, daga dayofta -6 zuwa sama, shi ma yana kawo irin haka. Maganinsa allura ce a cikin ido, kuma tana aiki ne idan an fara cikin kwanaki. Masu wannan haɗari su riƙa duba takarda mai layukan murabba'i sau ɗaya a mako, ido ɗaya bayan ɗaya, da tabaraun karatu.

Ina da Ehlers-Danlos na jijiyoyin jini. Wace alamar ido ce ta gaggawa?

Ido ɗaya ya yi ja ya turo waje, fatarsa ta kumbura, gani ya zama biyu, sannan mutum ya riƙa jin wani huci a cikin kai yana tafiya daidai da bugun zuciya. Wannan na nuna jijiyar jini da ke bayan ido ta tsage tana zuba cikin wata jijiyar. A wannan nau'in, mai kuskure a COL3A1, hakan na faruwa ba tare da buguwa ba. Sau da yawa ana ɗaukarsa ciwon ido na yau da kullum a ba da maganin ɗigawa. A tafi sashen gaggawa, a faɗi sunan cutar da baki, domin binciken da ake zura bututu a jijiya yana da haɗari na musamman gare su, kuma ana fara hoto ne da hanyar da ba ta huda jijiya.

An ce idona lafiya lau, amma yana zafi, yana gajiya, rubutu na rawa. Ƙarya nake yi?

Ba ƙarya ba ce, kuma wannan ce ƙorafin da ya fi yawa ga masu nau'in laushin gaɓoɓi. Awon allo daga nesa ba ya kama abubuwa biyu.

Na farko bushewa. Ido ya riƙa yaji kamar an zuba yashi, gani ya dushe ya kuma washe bayan ƙiftawa, wani lokaci hawaye su yi ta zuba. Fatar ido mai laushi ba ta rufewa sosai a barci, kuma magungunan da masu wannan cuta ke yawan sha, irin su amitriptyline da na borin jini, suna rage hawaye. Ana amfani da hawayen roba. Idan buƙata ta wuce sau 4 a rana, a nemi wanda ba shi da sinadarin adanawa, domin sinadarin kansa yana cin fuskar ido. A ɗora tsumma mai ɗumi a rufaffen ido minti 5 zuwa 10 kullum, a sa man ido mai kauri da dare idan ana tashi da zafi. Maganin ɗigawa mai sitiroyid yana kwantar da ja nan take, amma yana tayar da matsin ido ya kuma kawo yana. Ba a amfani da shi sai da sa idon likita.

Na biyu gazawar idanu wajen haɗuwa a kan abu na kusa. Ana gwadawa da alƙalami: a riƙe shi a tsawon hannu, a kawo shi hanci a hankali. Idan ya rabu biyu tun yana nesa da santimita 10, akwai matsala. Alamunta ciwon goshi bayan ɗan karatu, tsallake layi, da rufe ido ɗaya don a samu sauƙi. Atisayen ido ƙarƙashin ƙwararre yana taimakawa, wasu kuma a sa musu firizim, wato gilashi mai karkatar da haske, a tabarau. Duk minti 20 na karatu, a kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20.

Idan na miƙe tsaye sai in ga duhu. Ido ne?

Yawanci jini ne. Jijiyoyi masu saurin buɗewa suna barin jini ya taru a ƙafafu, ya yi jinkirin isa kai. A auna bugun zuciya da hawan jini a kwance, sannan a tsaye har minti 10. Duhun da ya kama ido ɗaya kaɗai, ko wanda bai washe da zama ba, wani abu ne daban kuma na gaggawa.

Wane irin bincike ya kamata a yi, kuma sau nawa?

Da zarar an gano cutar, a yi cikakken bincike da zai zama ma'auni: lambar tabarau, matsin ido, kauri da taswirar koniya, tsawon ƙwayar ido, da duba madubi da ratina bayan an buɗe ido da magani. Buɗewar ba ta da makawa, domin madubin da ya ɗan goce yana ɓuya a bayan baƙin ido. Idon masu Marfan yakan yi taurin buɗewa, sai an maimaita ɗigawa. Gani zai dushe na sa'o'i 4 zuwa 6, a yara har kwana guda, don haka kada a zo da niyyar tuƙa mota a koma.

Masu Marfan da Stickler da siririyar koniya su koma aƙalla sau ɗaya a shekara, ƙananan yara fiye da haka. Mai laushin gaɓoɓi da bincikensa na farko ya fita lafiya, shekara ɗaya zuwa biyu ta wadatar. A karɓi kwafin lambobin a ajiye.

Game da matsin ido, wanda aka saba gani tsakanin 10 da 21: na'urar tana danna koniya ne, siririyar koniya kuma tana lotsawa da sauƙi, sai lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Mutum na iya samun 16 alhali jijiyar ganinsa na lalacewa. Dole a haɗa da duba jijiyar gani da awon faɗin gani.

Yaya ake kare ido, kuma me za a yi idan an buge shi?

Tabarau ya zama na polikabonet, wanda ba ya tarwatsewa. Yaro mai gautsin koniya ya sa mai rufe gefe duk tsawon yini ko da ganinsa lafiya ne. Dambe, kokawa da duk wasan da ake karo ko jifa da ƙaramar ƙwallo mai gudu ba na masu Marfan, Stickler, PXE ko gautsin koniya ba ne.

Idan an buge ido aka ga ruwa na tsiyaya, ko baƙin idon ya sauya siffa, ko wani abu mai duhu ya leƙo, ko gani ya faɗi, a ɗauka ya fashe. Kada a danna, kada a wanke, kada a ɗiga komai, kada a ciro abin da ya shige. A yanke gindin kofin takarda ko na roba, a kifa shi a kan idon yadda bakinsa zai zauna a ƙashin gira da na kunci, a manne da filasta. Auduga ko bandeji kai tsaye suna matse idon su fitar da abin cikinsa. Mutum ya zauna kansa a ɗage, kada ya ci kada ya sha saboda tiyata, a wuce asibiti.

Me zan gaya wa likita kafin aiki ko kafin a rubuta mini magani?

Sunan cutar da nau'inta, yanayin zuciya da babbar jijiya, magungunan tsinka jini, yadda raunuka suka warke a baya, da ko allurar kashe zafi ta taɓa ƙin kama ka, domin masu Ehlers-Danlos da yawa suna ba da rahoton haka. Likita zai kauce wa allura a bayan ido idan idon dogo ne ko siriri, ya ƙara yawan ɗinki, ya bar su su daɗe. Mai wuya mai laushi ya nemi a tallafe kansa da kyau a kan gadon aiki.

A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ƙwayoyi da alluran rukunin ciprofloxacin da levofloxacin na iya ƙara haɗarin tsagewar babbar jijiya ga masu Marfan da Ehlers-Danlos na jijiyoyin jini. Gargaɗin ya shafi na sha da na allura. Na ɗigawa a ido kaɗan ne ke shiga jini, kuma gyambon koniya na iya makantarwa cikin kwanaki, don haka kada a ƙi shi da ka. A tattauna da likitan.

'Ya'yana za su gada?

Marfan, yawancin Stickler, da nau'o'in Ehlers-Danlos na fata da na jijiyoyin jini suna wucewa daga ɗaya cikin iyaye, uwa ko uba, kuma kowane ciki yana da kashi 50 cikin 100. Kusan 1 cikin 4 na masu Marfan su ne na farko a danginsu. Gautsin koniya, homosistinuriya da PXE sai an gada daga uwa da uba duka, waɗanda su kansu lafiyarsu ƙalau. A nan kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100, kuma ya fi faruwa idan iyayen 'yan'uwan jini ne. Tsananin cutar yana bambanta ko a gida ɗaya: uba mai tabarau kawai na iya haifar ɗan da madubinsa ya goce tun yana shekara 3. Idan an gano mutum ɗaya, a duba iyayensa, 'yan'uwansa da 'ya'yansa da buɗe ido, jaririn gidan kuma a kai shi cikin watannin farko ba tare da jiran ya iya karanta allo ba.